Yis na daji: yadda ake gano sabon nau'i a ɓawon itace da cikin ƙasa

Duk matar da ta taɓa kwaɓa ƙullun kisra ko na waina da yamma, ta wayi gari ta tarar ya tashi yana kumfa, ta riga ta san aikin yis ko da ba ta taɓa sayen na kanti ba. Sai dai yis ba iri ɗaya ba ne, kuma mafi yawansa ba a madafa yake zaune ba. Yana cikin ƙasa, yana jikin ɓawon itatuwa, yana cikin furanni da 'ya'yan itace, har da hanjin ƙwari. Kowace shekara masana na bayyana sababbin nau'o'insa da ba a taɓa sa wa suna ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jan hankali a 'yan shekarun nan shi ne Saccharomyces jurei, wanda aka samo a ɓawon wani itace da ƙasar gindinsa a kudu maso gabashin Faransa, aka sanar da shi a 2017. Labarinsa ya nuna yadda ake wannan aiki tun daga daji har zuwa raɗa suna, kuma ya shafi wurare irin su Ƙala'at an-Nahal a jihar Gadarif ta Sudan, inda abincin yau da kullum ya dogara da ƙullu mai tsami, arziki kuma ya dogara da ƙasa da itatuwa.

Mene ne yis?

Yis halitta ce mai rai, daga dangin fungas, wato 'yan uwan naman kaza da funfunar da ke fitowa a kan tsohon tuwo. Bambancinsa da su shi ne jikinsa ƙwaya ɗaya ce tal. Faransawa na kiransa levure, Larabawa kuma hamira. Ƙwayar yis ɗin burodi ba ta wuce maikiromita 5 zuwa 10 ba, ma'ana sai an jera 100 zuwa 200 kafin su kai tsawon milimita 1. Yawancin nau'o'insa na hayayyafa ta hanyar toho: ƙaramin ƙululu ya fito a jikin uwa, ya girma, ya ɓalle. Idan akwai abinci da ɗumi, yis ɗin burodi kan ninka kansa cikin awa 1 da rabi zuwa 2.

Abincinsa sukari ne. Idan ya ci, yana fitar da iskar kabon da sinadarin itanol. Iskar ce ke kumbura ƙullu, shi kuwa itanol mafi yawansa yana ficewa da zafin gashi. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ne ya fara hango ƙwayoyin yis da madubinsa a 1680, amma bai san masu rai ba ne. Sai daga 1857 Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da cewa halittu masu rai ne ke sa abu ya tsimu. A 1883 Emil Christian Hansen na Denmak ya yi nasarar ware yis iri ɗaya tsantsa ya raine shi.

Babban kundin da masana ke komawa gare shi, The Yeasts, ya ƙunshi nau'o'i kusan 1,500 a bugunsa na biyar na 2011, kuma adadin ya ci gaba da ƙaruwa tun daga lokacin. Wanda duniya ta fi sani shi ne Saccharomyces cerevisiae, yis ɗin burodi. A 1996 aka kammala karanta dukkan bayanan gadonsa, aka samu ƙwayoyin gado kusan 6,000. Amfaninsa ya wuce burodi: da shi ake haɗa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun 1986, da shi ake yin wani kaso na insulin ɗin masu ciwon sukari, kuma a 2013 kamfanin Sanofi ya fara amfani da shi wajen samar da sinadarin atemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro.

Labarin Saccharomyces jurei

Masu bincike daga Jami'ar Manchester da ke Ingila, ƙarƙashin Farfesa Daniela Delneri, tare da ma'aikatan ma'ajiyar yis ta ƙasar da ke Norwich, su ne suka bayyana wannan nau'i. Samina Naseeb ce sunanta ya zo na farko a rahoton. An ɗebo samfuran ne a yankin Saint-Auban, a tudu mai tsawon kimanin mita 1,000 daga gaɓar teku, daga ɓawon itacen da Faransawa ke kira chêne, Larabawa ke kira ballut, masana kuma ke kira Quercus robur, da kuma ƙasar da ke kewaye da shi.

A cikin abin da ya tsiro a ɗakin gwaje-gwaje, an samu yis guda 2 da suka yi kama da dangin Saccharomyces, amma ba su dace da ko ɗaya daga cikin sanannun nau'o'in ba. Da aka karanta sassan DNA ɗinsu, sai aka ga ɗan uwansu mafi kusa shi ne Saccharomyces mikatae, wanda aka sani daga Japan, tazarar dubban kilomitoci.

Daga nan sai aka yi gwajin da ya yanke hukunci, wato gwajin barbara. Dangin Saccharomyces suna iya haɗuwa da juna ko da nau'insu ya bambanta, su ba da ruwa-biyu mai rai. Amma ruwa-biyun kamar alfadari yake: doki da jaki sun haife shi, yana da ƙarfi, amma ba ya haihuwa. Da aka haɗa sabon yis ɗin da sauran nau'o'in danginsa, ƙwayoyin irin da ruwa-biyun ya fitar waɗanda suka rayu ba su wuce kashi 0 zuwa 3 cikin 100 ba. Wannan ya nuna nau'i ne mai zaman kansa.

An raɗa masa suna jurei don tunawa da Farfesa Jure Piškur, masanin yis ɗan ƙasar Sulobeniya da ya koyar a Jami'ar Lund ta Suwidin, wanda ya rasu a 2014. Rahoton ya fito a mujallar International Journal of Systematic and Evolutionary Microbiology a 2017, aka ajiye samfurin asali da lamba NCYC 3947. A 2021 wasu masu bincike a Jamus suka sake samun nau'in a ɓawon wani itace na daban a yankin Babariya, suka kuma nuna yana iya cin maltos, sukarin da ke fitowa idan hatsi ya tsira. Hakan ya tabbatar da cewa ba a gindin itace ɗaya kaɗai yake ba.

Matakan da ake bi kafin a ce sabo ne

Aikin na farawa ne da wuƙa mai tsafta da 'yar kwalba. Ana kankaro ɗan ɓawo ko a ɗebi ƙasa kamar cokali ɗaya, a rubuta sunan itacen, wurin, ranar da yanayin. Matsalar ita ce a cikin wannan cokali akwai miliyoyin bakteriya da funfuna da suka fi yis yawa da saurin girma. Don haka ake zuba samfurin cikin ruwan abinci na musamman mai sukari, da maganin kashe bakteriya, da itanol kimanin kashi 8 cikin 100. Dangin Saccharomyces suna jure wannan itanol, yawancin abokan gasarsu kuwa ba sa jurewa. Akan ajiye wasu kwalabe a sanyi na digiri 10, wasu a ɗumi na digiri 30, saboda kowane nau'i da zafin da yake so.

Bayan kwanaki ko makonni, idan ruwan ya yi duhu yana kumfa, sai a shafa ɗigo a kan faranti mai daskararren abinci. Kowace ƙwaya ɗaya za ta hayayyafa ta zama ɗan ɗigo fari mai kama da man shanu. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya a sake shafawa har sai an tabbata iri ɗaya ne tsantsa.

A da, siffa da ɗabi'a ake dubawa kawai: yaya ƙwayar take a madubi, wane sukari take ci, wane zafi take jurewa. Har yanzu ana yin waɗannan gwaje-gwaje, amma ba su wadatarwa, domin nau'o'i da yawa kamarsu ɗaya. A 1998 Cletus Kurtzman da Christie Robnett na Amurka suka nuna cewa wani ɗan yanki na DNA mai haruffa kusan 600, da ake kira D1/D2, ya isa a bambance yawancin nau'o'in yis. A ƙa'idar da suka fitar, 'yan nau'i ɗaya ba su cika bambanta da fiye da haruffa 3 ba, idan kuwa bambancin ya haura kashi 1 cikin 100, galibi nau'i ne daban. A 2012 aka amince da wani yankin, ITS, a matsayin babbar shaidar tantance fungas baki ɗaya. Yanzu da kuɗin aikin ya sauka, sau da yawa ana karanta dukkan DNA ɗin halittar.

Raɗa suna ma yana da dokoki. Sunan kalmomi biyu ne na Latin, na farko na dangi, na biyu na nau'i. Dole a wallafa bayanin siffarsa, wanda tun daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda a rubuta da Latin ko Turancin Ingilishi. Daga 1 ga Janairun 2013 kuma sai an yi wa sunan rajista a rumbun da aka amince da shi, kamar MycoBank. Sannan a ajiye samfurin asali, a busar ko a daskarar, a ma'ajiyar da kowane mai bincike zai iya neman sa. Fitacciya a cikinsu ita ce Cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan, wadda tarihinta ya faro daga 1904.

'Yan uwansa na daji

Saccharomyces jurei ba shi ne na farko da aka samo a jikin itace ba. A 2008 masanan ƙasar Sin suka bayyana Saccharomyces arboricola, wanda sunansa ma ke nufin mazaunin itace, daga ɓawon itatuwa a tsaunukan Qinling. A 2011 Diego Libkind na Ajantina da abokan aikinsa suka gano Saccharomyces eubayanus a dazuzzukan Patagoniya masu sanyi. An daɗe da sanin cewa yis ɗin da masana'antun giyar Turai ke aiki da shi a sanyi ruwa-biyu ne, ɗaya daga iyayensa yis ɗin burodi, ɗayan kuwa ba a san shi ba sai da aka samu wannan. Daga baya an gan shi a Tibet, a 2022 kuma aka same shi a cikin ƙasar harabar wata jami'a a Dublin. A 2024 an ƙara Saccharomyces chiloensis daga gaɓar tekun Chile.

Shi kansa yis ɗin burodi asalinsa ɗan daji ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya duba samfura 1,011 daga sassan duniya, ya nuna tushensa na komawa gabashin Asiya. Tun 2009 kuma aka gane cewa Afirka ta Yamma na da zuriyarta ta musamman ta wannan yis, ɗaya daga cikin tsatso 5 da aka tantance a lokacin.

Afirka ta ba kimiyya wani yis ɗin mai daraja. A 1893 Bajamushe Paul Lindner ya bayyana wani yis da aka samo daga abin sha na gero daga Gabashin Afirka, ya sa masa Schizosaccharomyces pombe, daga kalmar Suwahili. Ba ya toho, rabewa biyu yake yi. Da shi Paul Nurse ya gano yadda ƙwayar halitta ke tsara rabuwarta, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001, kuma masu binciken ciwon daji ke dogara da shi. Duk da haka, mafi yawan nau'o'in yis da aka bayyana sun fito ne daga Turai, gabashin Asiya da nahiyoyin Amurka, domin a can ne aka fi nema.

Yis ɗin da ke cikin kisra da fura

Hausawan Sudan, waɗanda da yawansu kakanninsu suka biyo hanyar aikin hajji, ko suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sun haɗa al'adun tsami guda biyu a tukunya ɗaya. Sun zo da koko, waina, fura da nono, sun tarar da kisra, abre da hilu-mur na azumi, da rob, da kawal da ake yi da ganyen tafasa. Farfesa Hamid Dirar ya tattara bayanin waɗannan abinci na Sudan a littafinsa na 1993, The Indigenous Fermented Foods of the Sudan.

A ƙullun kisra, bakteriya masu sa tsami da yis ne ke aiki tare. Wani bincike da aka wallafa a 1991 ya nuna ma'aunin tsamin ƙullun dawa, wato pH, yana sauka daga kusan 6 zuwa kusan 4 cikin awa 24, kuma ya samu yis irin su Candida intermedia da Debaryomyces hansenii a ciki. Wannan tsami ne ke hana ƙwayoyin cuta da yawa samun wurin zama. A 2012 wani binciken da aka yi kan furar arewacin Gana ya samu cewa yis guda 2 ne suka fi yawa a cikinta: Candida krusei, wanda yanzu aka fi kira Pichia kudriavzevii, da Kluyveromyces marxianus.

Waɗannan ba a kanti aka saye su ba. Sun shigo ne daga jikin hatsi, daga turmi da dutsen niƙa, daga ƙwarya da hannun mai kwaɓi. Al'adar barin ragowar ƙullun jiya a tukunya don a tayar da na yau ita ce ke raya su daga rana zuwa rana. Wasu daga cikinsu na fitar da sinadarin da ke narkar da fitat, wani abu a cikin dawa da gero da ke hana jiki tsotse ƙarfe da zin. Ga al'ummar da dawa ce abincinta safe da dare, wannan ba ƙaramin amfani ba ne, musamman ga mata masu ciki da yara.

Ƙasar Gadarif da itatuwanta

Gadarif na da baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda aka fara noman tarakta a kanta tun tsakiyar shekarun 1940, har ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Ƙala'at an-Nahal na kudu maso yammacin birnin Gadarif, a yankin duwatsu, kan tsohon layin dogo da ya nufi Sinnar. Itatuwan yankin duk Bahaushe ya san su ko da sunan ya canza: hashab shi ne dakwara, talha shi ne dushe, hijlij aduwa ce, sidir kurna ce, sunut kuma bagaruwa. Daga dakwara da dushe ake samun ƙaro, wanda Sudan ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Irin wuraren da masu neman yis ke fara dubawa ke nan: raunin itace mai zubar da ruwa, ɓawon da ya tsage, 'ya'yan itace masu zaƙi da suka faɗi ƙasa, furanni da ƙwarin da ke ziyartar su. Kalmar nahal da ke sunan garin ma ƙudan zuma take nufi a Larabci, kuma akwai dangin yis guda, Starmerella, da yawancinsa tare da ƙudan zuma yake rayuwa. Ɗaya daga ciki, Starmerella bombicola, wanda aka bayyana a Kanada a 1970, yana fitar da sinadarin da ake sa wa a sabulun wanki. Akwai kuma waɗanda ke jure zaƙi mai yawa, irin su Zygosaccharomyces, kuma su ne ke sa zuma ta yi kumfa ta yi tsami idan an ɗebe ta ba ta nuna ba, ruwa ya yi mata yawa.

Abin da ƙasashe masu zafi za su fi nema shi ne yis mai jure zafi. Yis ɗin burodi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 30 zuwa 35, kuma da an haura 40 sai ya fara gazawa. Kluyveromyces marxianus, wanda ake samu a fura da nono mai tsami, yana iya girma a digiri 45 har sama da haka. Tankunan tsimi suna ɗaukar zafi da kansu, don haka masana'anta na kashe kuɗi wajen sanyaya su. Kamfanin sukari na Kenana ya buɗe masana'antar itanol a 2009 mai ƙarfin lita miliyan 65 a shekara. Ga irin wannan aiki, yis ɗin da ya saba da zafin watan Afrilu a Gadarif ko Maraɗi ya fi wanda aka samo a tsaunukan Faransa dacewa.

Ba kowane ne aboki ba

Wasu yis na daji cuta suke jawowa. Cryptococcus neoformans yana zaune a ruɓaɓɓen itace da busasshen kashin tattabaru, ana shaƙar sa ta iska. Mai ƙoshin lafiya galibi ba ya ko sanin ya shaƙa, amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai ɗauke da HIV da bai shan magani, yana haddasa wani irin sanƙarau. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna mutum kusan 152,000 ne suka kamu a duniya, 112,000 suka mutu, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A 2011 masu bincike suka same shi a itatuwan mofane na Botsuwana, suka kawo hujjar cewa mai yiwuwa Afirka ce asalinsa. Ɗan uwansa Cryptococcus gattii an gano maɓoyarsa a itacen turare a Ostireliya a 1990. Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi tafiya, sanƙarewar wuya da ruɗewa ga mai raunin garkuwa alamu ne da ke buƙatar asibiti nan take.

Akwai kuma Candida auris, wanda aka fara bayyana shi a 2009 daga kunnen wata majinyaciya a Japan, yanzu kuma ya addabi asibitoci a nahiyoyi da dama saboda ba ya jin magunguna da yawa. A 2021 aka same shi a fadamar gishiri da bakin teku a tsibiran Andaman na Indiya. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fungas 19 mafi hatsari, ta sa Candida auris da Cryptococcus neoformans a sahun farko.

Sudan ma tana da nata sabon nau'in, kodayake shi ba yis ba ne, fungas ne mai zare-zare. Cutar maisetoma, wadda mutanen Sudan ke kira nabit ko madura, tana shiga jiki ne ta raunin ƙaya ko tsagewar fata, galibi a ƙafar manomi ko makiyayi. Tana farawa da kumburi marar zafi, daga baya ya huhhuje yana fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko masu wani launi, idan aka yi sakaci ta ci har ƙashi a kai ga yanke ƙafa. Babban mai haddasa ta a Sudan shi ne Madurella mycetomatis. A wani bincike na 2002 an samu DNA ɗinsa a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na samfuran ƙasa da aka ɗebo a yankin Jazira, da kuma a jikin ƙaya.

A 2012 aka gano cewa wani samfuri da aka ciro daga jikin majinyaci a Sudan nau'i ne daban, aka sa masa Madurella fahalii don karrama Farfesa Ahmed Hassan Fahal, wanda ya kafa Cibiyar Binciken Maisetoma a Jami'ar Hartum a 1991. Bambancin ba na suna kawai ba ne. Gwaje-gwaje sun nuna wannan nau'in ba ya jin itirakonazol, maganin da aka saba bai wa masu cutar na tsawon watanni. Likitan da bai san da wane nau'i yake fama ba zai iya ɓata wa majinyaci lokaci da kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maisetoma cikin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Mayun 2016. Rigakafin da ke hannun kowa shi ne sa takalmi a gona da daji, wanke raunin ƙaya, da zuwa asibiti da zarar an ga kumburin da ya ƙi sacewa, ko da ba ya ciwo.

Na wane ne, kuma wa zai adana?

Idan baƙo ya kankari ɓawon dushe a Gadarif, ya samu yis ɗin da wani kamfani ya yi kuɗi da shi, wa ke da haƙƙi? Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki ranar 12 ga Oktoban 2014, ta ce albarkatun gado na halittu suna ƙarƙashin ikon ƙasar da aka samo su. Sai da izini ake ɗauka, kuma sai an yi yarjejeniyar raba amfani, har da al'ummar da aka yi amfani da iliminta na gargajiya. Sudan da Nijar duk suna cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar. Manomi ko mai unguwa da aka nemi ya ba da samfurin ƙasa, ƙullu ko nono yana da damar tambayar takardar izini da abin da za a yi da samfurin.

Adanawa ita ce matsala ta biyu, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna girmanta. Cibiyar Binciken Maisetoma ta daina aiki a Hartum, a 2025 kuma shugabanta ya sanar da cewa an lalata ta, an rasa samfuran da aka shafe shekaru ana tarawa. Ma'ajiyar irin shuka ta ƙasa da ke Wad Madani ma an wawushe ta, amma an ceto wani ɓangare, kuma a watan Fabrairun 2025 an kai irin dawa da wasu tsirrai na Sudan rumbun Svalbard da ke Nowe. Dalilin da ya sa ake son kowane sabon nau'i ya kasance a ajiye a ƙasa fiye da ɗaya ke nan.

Matakan farko na neman yis ba su fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen jami'a irin ta Gadarif, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ko Bayero a Kano ba: kwalabe, faranti, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, madubi da firji mai tsayayyar wuta. Karanta DNA kuwa ana iya aika samfuri a yi a wani wuri. Ko a makarantar sakandare malami na iya nuna wa ɗalibai aikin yis da kwalbar roba guda 2, ruwan ɗumi, sukari da balo: a sa cokalin yis ɗin kanti a ɗaya, cokalin tsohon ƙullun kisra ko na waina a ɗayar, a rufe bakinsu da balo. Na kanti zai kumbura cikin awa 1, na gida zai ɗauki lokaci mai tsawo, amma shi ma zai tashi.

Wannan na gida shi ne ya fi sauƙin ɓacewa. Duk gidan da ya bar tsohon ƙullu ya koma fakitin kanti, ko ya gudu ya bar tukunyarsa saboda yaƙi, ya rasa wani haɗin yis da bakteriya da aka yi shekaru ana rainon sa. Wadda har yanzu take da irin nata, idan ta sammaka wa maƙwabciya kamar yadda aka saba, ta ajiye shi ke nan a wuri na biyu.